Dara a Ɗaki na Goma Sha Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Sunderland,
yayyafi na ta ƙwanƙwasa taga.
Na juya Misis Pickering, na sauya mata zanen gado,
na wanke hannu har fata ta yi furu-furu.
Duk gidan tsofaffin ya yi tsit,
sai fitilar ɗaki na goma sha huɗu.

"Kande, zo ki gani," in ji Baba Zibi,
kwamfuta a cinya, tabarau a bakin hanci.
Ƙasashe sun hallara can wata uwa duniya
inda rana ba ta faɗi ba tukuna,
kowace da mutum huɗu,
allo huɗu, agogo huɗu,
babu ganga, babu kirari, ko tari sai an nemi gafara.

Shi Folan yake bi,
ƙasar da ya baro yana ɗan shekara tara.
Tasa na sama, a teburin manya.
Tawa kuwa sai an ja,
an ja, an ƙara ja,
kamar guga a rijiyar bazara,
kafin kore da fari su leƙo.

Ni darar Gumel na sani,
rami talatin a gindin dalbejiya,
kawu Ɗanjuma na caka tsinke
yana yi wa abokin karawa habaici,
mu mata sai dai mu hango ta katanga.
Wannan kuwa shiru ce mai haƙora.

Shi ya koya mini ita, dare bayan dare.
Doki ba ya tafiya miƙe,
sai ya yi tsalle ya karkace
kamar wanda ake bi bashi ya hango mai kuɗin a kasuwa.
Sarauniya ke fita nema, sarki na laɓe a lungu.
Na ce, "Ai wannan gidanmu ne."
Ya yi dariya har ya ƙware, na miƙa masa ruwa.

Allo na ɗaya, an kayar da mu.
Na biyu canjaras. Na uku ma haka.
Saura na huɗu:
wani yaro Terhemba, ɗan Makurɗi,
rigarsa ta fi ƙarfin kafaɗarsa.
Ban san yarensa ba, bai san da ni a duniya ba,
amma na ji bakina na cewa,
"Allah ka dafa wa yaron nan namu."

Ƙararrawa. Ɗaki na shida.
Na tafi, zuciya a baya.
Amai ne. Na kwashe, na goge, na lallashi,
minti ashirin kamar shekara.

Da na dawo, Folan ta sha kashi.
Baba Zibi ko a jikinsa,
ya baro teburin manya, ya tare a namu.
"Yaronki ya ba da doki."
Na dafe ƙirji. "Shi ke nan, dara ta ci gida?"
Ya girgiza yatsa. "Ƙugiya ce a cikin tsoka.
Bari mai kwaɗayi ya haɗiya."

Agogon yaro saura daƙiƙa arba'in.
Talatin.
Ƙaramin soja ya taka gida ɗaya,
ya ƙara ɗaya,
ya isa bangon ƙarshe ya tashi sarauniya.
Abokin karawa ya daɗe yana kallon allo,
sannan ya miƙa hannu.

Biyu da biyu.
Ba kofi, ba lambar yabo, ba wanda zai buga a jarida.
Guɗa ta taso mini, na danne ta da tafin hannu,
kada in tashi Misis Pickering.

A littafin aiki na rubuta:
ɗaki na goma sha huɗu, ya sha magani, ya yi barci ƙarfe biyar.
Ban rubuta yadda yatsansa ke tafiya kan bargo ba,
gida biyu gaba, ɗaya gefe.

Ina tsaye ina jiran bas, takalmi ya jiƙe,
na duba waya:
gobe da Mongoliya za mu kara.
Na roƙi Sandra mu yi musayar dare.