Wasiƙa ta Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina bugun tafireta
a hawa na biyu, ofishin fansho, Jos,
inda sanyin safiya ke kama gaɓoɓin yatsu
sai na ɗumama su a jikin kofin shayi
kafin in taɓa harafi.
Kabon uku a bayan takarda guda.
Kuskure ɗaya, a yage, a koma bisimilla.

Ran Litinin darakta ya leƙo:
wasiƙu ɗari huɗu kafin Juma'a,
kowane ɗan fansho ya zo a tantance shi.
Na ce ashe kwana ya kama mu a nan.
Chundung, ɗalibar da aka turo mana sanin makamar aiki,
ta yi dariya. "Baba Tanimu, matso da kujera."

Wasiƙa ɗaya muka rubuta, ɗaya tak,
muka bar mata gurabe wayam kamar giɓin tsoho:
nan suna, nan unguwa, nan lambar fayil.
Can gefe ga jadawali,
layi-layi kamar kunyoyin dankali a Bokkos.
Ta ƙulla wannan da wancan,
ta ɗora hannuna kan linzami, ta ce danna.
Na danna.
Firinta ta yi gyaran murya,
ta shiga miƙo takardu da ɗuminsu
kamar masa daga tanda.
Shayina bai huce ba aka gama.

Ban yi murna ba, kar in yi ƙarya.
Yatsuna na duba.

Na ce, yarinya, abin da ake koya muku ke nan?
Ta ce wannan ai share fage ne.
Akwai masu ƙera manhaja, waɗanda suka saki barcin dare.
Akwai masu jan waya daga ofis zuwa ofis,
yayanta Davou yana Abuja, kullum kansa cikin silin.
Wasu gadi suke yi, ba gora ba tocila,
suna tare ɓarawon da ba ya haura katanga.
Wasu alƙaluma suke tankaɗewa
har su ga ramin da kuɗi ke zurarewa.
Can ita ta dosa.
Na ce, to tsoho fa, ina layinsa?
Ta sunkuya tana daidaita takardu.

Ina ninkewa, ina sa wa a ambulan,
ido na bin sunaye saboda sabo.
Ta ɗari biyu da sha bakwai:
Malam Barau Maikuza, Gangare,
"ana buƙatar ka bayyana da kanka."

Barau, da na kama makararsa bara cikin azumi.
Da wannan hannun na zuba masa ƙasa.
Da ta isa gidan,
jika matarsa za ta kira ya karanta mata.

Na zare ta. Na ce a buɗe jadawalin nan.
Muka bi daga sama,
linzami a hannunta, mutanen a kaina:
wannan ya rasu.
Wannan ya koma Bukuru tun shekarar da aka ƙone layinsu.
Wannan mace ce, an laƙaba mata Malam.
Gyang Pam ɗin nan su biyu ne,
ɗaya direba, ɗaya ya bar ƙafarsa a ramin kuza.
Sha tara muka gyara kafin la'asar.
Ba ta sake dariya ba,
sai "na gaba, Baba, na gaba."

Gobe, ta ce, za ta nuna mini
yadda jadawali ke tara kuɗi da kansa.
Na ce to, amma da hantsi.
Da sassafe akwai haƙƙin matar Barau
da ya kwana wata goma sha ɗaya a durowa.
Na yaye ƙyallen da na rufe tafireta,
na hure maɓallan, na zura takarda.
Wannan ba gurbi a cikinta.
Da ƙafa za mu kai.