Baƙin Safiya a Gandun Albasa

Sati uku ke nan da ruwan farko,
har yanzu ƙasa ba ta daina ƙamshi ba.
Na fito da asuba, buta a hannu,
tsakar gida ta yi sanyi kamar gindin randa.

Gidanmu ba shi da fili,
siminti ne daga zaure har bakin rijiya.
Amma ina da bokitin fenti guda bakwai,
da tsohuwar taya da na cika da takin akuya,
da wani kwano da ya ɓule ya ƙi ritaya.
Duk bazara da ragowar ruwan alwala na raine su.
A nan nake noma. Ku yi dariyarku.

Lalle ne ya fara, shi ba ya jiran kowa,
furensa ƙanana kamar tsakin gero,
ƙamshin kuwa ya tsallake katanga
ya je ya gaida Malam Ilu a kan tabarma.
Kabewa ta haye rufin kwano ba sallama,
ta buɗe baki, ruwan ɗorawa shar,
kafin azahar ta rufe abinta.

Bara da aka yi feshin sauro a layinmu,
sauron ya dawo bayan kwana uku,
ƙudan zuma ne bai dawo ba.
Fure ya yi ta zuba, ina sharewa da bawon gyaɗa.
Sai na tsinci gashin kaza,
na taka turmi, gwiwa tana ƙara,
ina ɗebo gari daga wannan in shafa wa wancan.
Da tsufana na zama ƙudan zuma.
Kabewa biyu na samu. Ɗaya ma ta ruɓe.

Yau kuwa, tsaya.
Wannan gunjin ba na injin markaɗe ba ne.
Ga ɗaya ya kutsa cikin fure har ya ɓace,
ya fito da baya, ƙafafu duk gari,
kamar yaron da aka aika niƙa.
Ga wani. Ga wasu uku a kan zogale.
Malam-buɗe-littafi ya sauka a bakin bokiti,
ya buɗe, ya rufe, ya buɗe,
bai karanta wa kowa komai ba.
Har zanzaro ya zo, da ɗamararsa,
yau ban ɗauko masa tsintsiya ba.

Barira ta laɓe a bayan zanena.
"Iya, za su harbe ni."
Na ce, ba ta ke suke yi ba, aiki ya yi musu yawa.
Ta ce, "To wa yake biyansu?"
Na buɗe baki, na rasa ta cewa.

Jiya a adaidaita, wajen Ƙofar Na'isa,
na ga albasar kwaɗi ta fito a gindin badala,
fara sol, tsakanin leda da fasasshen kwalba,
tsidau ma ya yi fure, shi da muke zagi.
Ba wanda ya shuka, ba wanda ya ba su ruwa.
Ta can ƙila suka biyo,
suka tsallake titi da hayaƙi
har suka gane ƙofar gidana.

Kokon da na dama ya huce a kan turmi.
Gashin kazar yana nan saƙale a taga.
Barira ta saki zanena,
ta matsa taku ɗaya, tana ƙirga su da yatsa.