Kalma Biyu a Gidan Ackroyd

Ran da na fara aiki a Hull
ruwa ake tsugawa, takalmina ya sha laka.
Tsohon ya nuna ƙafata da sanda:
"Take off."
Na cire, na jera su a bakin ƙofa.
Na ce a raina, Ligaya, yau kin kama magana ɗaya,
ɗaure ta a turke.

Ashe ba akuya na ɗaure ba, hawainiya ce.

Ran Laraba ya jingina da taga,
jirgi ya keta gajimare can saman kogin Humber,
ya sake faɗin ta.
Na duba ƙafata. Safa ce kawai.
Ya yi dariya har haƙoran roba suka zame.

A kasuwa mai kifi ya faɗe ta,
ya rage mini fam biyu.
Shugabar aiki ta faɗe ta,
na sami hutun Juma'a, na yi barci har la'asar.
Jikarsa Imogen ta tsaya tsakar falo,
ta karkace baki, ta ɗage kafaɗa,
tana magana da muryata,
wai wannan ma sunansa ke nan.
Ban yi dariya ba.
Daga baya na yi, ni kaɗai, a banɗaki.

Ɗansa kuwa, shekara sha ɗaya ke nan,
ya ajiye shayi bai shanye ba, ya fita.
Tsohon bai ce ya gudu ba,
bai ce ya ɓata ba.
Kalma biyun nan ya miƙo mini,
ya juya fuska bango.

Cikin sanyin Janairu likita ya zo da ita
a naɗe cikin taushin murya.
Ƙafar hagu, daga gwiwa.
Na tsaya riƙe da takalmi ɗaya,
na rasa inda zan jera shi.

Daren ƙarshe yatsunsa sun kumbura,
zoben aure ya nutse cikin nama.
Ya ɗago hannu, leɓensa ya motsa.
Na gane ta ko ba sauti.
Na kawo sabulu, na murza a hankali,
zoben ya fito, na damƙa masa.
Ya girgiza kai.
Ya kalli taga.

Har yau ban sani ba
ko zoben yake nufi
ko jirgin.