Mai Karatun Ruwa

Shekara ashirin da shida ina karanta ruwan Rima.
Sanda ce mai zanen ja da fari a gindin gada,
kullum da hantsi in sauka, in naɗe ƙafar wando,
in rubuta lamba a littafin gwamnati mai baƙin bango.
Ban san zan tsufa in zama gulbin ba.

Luba ta liƙa min shi ran Talata,
nan bayan damtse, inda hannun riga ke rufewa.
Fari ne, faɗin murfin kwalbar lemo.
Ta ce, "Baba, wanga ba ya barci.
Ko kana minshari yana rubutu."
Na ce, biyu na kafaɗa ba su ishe ni ba,
an ƙaro na uku.

Da can, allura ce a yatsa bayan asuba,
ɗigo ɗaya, lamba ɗaya, ɗari da goma,
in yi hamdala, in saɓa babbar riga, in fita.
Ashe ina gaida gulbin ne
daidai lokacin da yake kwance.

Yanzu zare ne ke tafiya a fuskar waya.
Na sha hurar Tumba, ludayi bakwai, ban ƙara ba,
zaren ya miƙe tsaye kamar ruwan Agusta.
Masa uku a Ƙofar Rini, da ɗan sukari, don Allah ɗan kaɗan,
ɗari biyu da tamanin.
Ban ji komai ba.
Wannan shi ya tsorata ni.
Ambaliya ta shiga gida, mai gida na dariya a zaure.

Sai daren Alhamis, ƙarfe uku da kwata,
wayar ta yi kuka kamar ɗan akuya a rijiya.
Hamsin da huɗu.
Zufa ta jiƙa matashi, hannu na rawa, harshe ya yi nauyi.
Shekara nawa ina ɗora wa zafin Sakkwato laifin zufar nan,
ina zagin masu ɗauke wuta?
Tumba ta laluba ƙasan kwalla cikin duhu,
dabino uku, ba ta ce uffan ba.
Muka zauna bakin gado muna kallon zare,
yana hawa a hankali,
kamar tsoho da matakalar masallaci.

Likita Arzika ya duba takardar wata uku,
ya ce matsakaicin ya yi kyau.
Na ce, likita, ni na ci tuwo da matsakaici.
In ka haɗa rani da damina ka raba biyu,
Rima iya gwiwa take.
Je ka gaya wa mai albasar da ruwa ya cinye a fadama,
je ka gaya wa kifin da ya mutu a taɓon bazara.
Ya ajiye biro. Ya ce in ba shi wayar.

Na koyi abubuwa, ba masu yawa ba.
Kwaɗon zogale ya riga tuwo shiga.
Bayan isha'i in taka daga Mabera har gidan mai, in dawo,
zaren ya kwanta kamar Rima a watan sanyi.
Fushi ma yana ɗaga shi:
ranar da na je bin kuɗin fansho, ko ruwa ban sha ba, ya hau.

Kwana goma sha huɗu ne ransa.
Yau na sha uku.
Sabo ya kusa kuɗin buhun gero,
Luba ta ce kada in damu, ta kauda kai da ta faɗa.

Gobe zan ɓamɓare shi,
ya bar min ɗan jan da'ira a fata.
Na sayo littafi mai baƙin bango a tsohuwar kasuwa.
Daren yau ba barci,
zan kwafe kowane hawa da kowace gangara,
kafin a tsige sandar daga gindin gada
in koma sauraren ruwa da kunne.