Kira Goma Sha Shida

Ƙarfe uku da kwata na dare, a Farin Gada,
ruwan Agusta na dukan kwano,
ni da Dalyop da shayin da ya huce
muna jinyar na'urar ɗakin gwaji.

Da rana lafiyarta lau.
Tana riƙe da sakamakon jinin rabin unguwa,
ba ta taɓa ba Laraba na Asabe ba.
Ka danna maɓalli, ta tashi garau.
Amma in daga nesa aka kira ta,
in saƙon farkarwa ya biyo waya cikin duhu
ya ambaci lambarta sau goma sha shida,
sai fanka ta juya, fitila ta ƙifta,
shi ke nan.
Allo baƙi ƙirin, ko wasiyya babu.

Mun zargi wuta, mun ba ta haƙuri.
Mun zargi sanyin Jos.
Dalyop ya canza waya har sau uku,
ya ce, ko dai ɓera ne?
Ɓera na bayan kabad yana sauraro, bai ce uffan ba.

Sai na jona mata tsohuwar kwamfutata a gefe,
kamar mai kara kunne a bakin majinyaci,
don in ji kalmar ƙarshe.
Na sa ta barci. Na kira. Ta faɗi.
Na sa ta barci. Na kira.
A karo na tara ta yi magana:
layi ashirin, lambobi zalla,
a tsakiyarsu adireshin da babu gida a kansa,
sifili, sifili, sifili.

Ashe ciwon a ƙwaya yake, can cikin zuciyar manhaja.
Na raba sauye-sauyen shekara gida biyu,
na zubar da rabi, na sake rabawa,
yadda ake neman tsakuwa a tiyar wake,
har ya rage guda a tafin hannu.

Ga shi. Ɗan mitsitsi.
Katin sadarwa ne ke riga kowa tashi,
ya ruga da saƙo yana kwaɗa sallama,
ya miƙa wa hannun da bai dawo ba tukuna.
Tsakanin zuwansa da shirinta
bai kai ƙiftawar ido kashi dubu ba,
amma rami ne, kuma ta faɗa.

A nan na tuna Inna.
Takan ce, kar ka girgiza mai barci,
kurwarsa ta tafi yawo,
kira shi a hankali, ka ba ta hanya ta shigo.
Na yi mata dariya lokacin ina aji uku,
da littafin kimiyya a hammata.

Layi uku na rubuta.
Ma'anarsu: ɗan aike, dakata a zaure
sai an shimfiɗa tabarma.

Na sa ta barci.
Dalyop ya cire hularsa ta sanyi, ban san dalili ba.
Na kira.
Fanka ta juya. Fitila ta ƙifta.
Shiru ya yi tsawon Dutsen Shere.
Sannan rubutu ya gangaro, fari, a jere,
sunan Asabe na nan inda ta bar shi.

Mun maimaita sau hamsin, don ban yarda da sa'a ba.
A waje motocin kabeji sun fara sauke kaya.
Dalyop ya kifa kai a tebur.
Na miƙa hannu zan girgiza kafaɗarsa,
sai na janye,
na kira sunansa ƙasa-ƙasa,
na jira.