Kifi Ɗaya, Suna Huɗu

Mako goma sha biyu Malama Urrutia ta ba mu.
Ta rubuta a allo, ta ja layi biyu a ƙasa:
ku koya wa na'ura ma'ana, ba kalma ba.
Ta rataya jakarta ta fice.
Muka bi ƙofa da kallo, ni da Eloísa da Baltasar,
kamar waɗanda aka miƙa wa rariya
aka ce su kwaso teku.

Baltasar ya ce mu ɗaure Valparaíso gaba ɗaya:
jiragen ruwa, matattakalai,
gidajen da suka maƙale a jikin tudu,
har karnukan da ke kwana a bakin tasha.
Eloísa ta hura shayinta, ta ce,
kwaɗayi mabuɗin wahala.
Mu ɗauki abu guda. Mu ɗauki kifi.

Dokar aikin ba ta da tsawo.
Kowace magana a kan duwatsu uku take zama
kamar tukunya a murhu:
wane, da abin da ya haɗa su, da wane.
Kifi, yana rayuwa a, ruwan sanyi.
Jirgi, mallakin, Don Evaristo.
Kowane abu kuma da adireshinsa a yanar gizo,
nasa shi kaɗai, ba haya ba aro,
don kwamfutar da ke wata nahiya
ta san wanda muke nufi ba tare da ta tambaye mu ba.

Asubar Asabar muka sauka bakin ruwa.
Iska na yanka kunne, tsuntsaye na rigima kan hanji.
Kakar Eloísa, Doña Fresia,
tana feɗe kifi ba ta ko kallon wuƙar.
Na buɗe littafi na ce, wannan mene ne sunansa?
Ta ce merluza, in mai takalmi mai ƙyalli ne ya tambaya.
Pescada, in maƙwabciya ce.
Na ce akwai na Latin a takardarmu, mai tsawo.
Ta ce wannan bai taɓa zuwa kasuwa ba.
Sai ta goge hannu a gaban riga.
Marigayi kuwa, in ya sauke raga,
kuɗin haya yake ce masa.
Shekara talatin da shi muka biya ɗaki.

Da dare muka gwada.
Baltasar ya haɗa sunayen huɗu da igiya ɗaya:
wannan daidai yake da wannan.
Na'ura ta yi shiru, ta yi lissafinta,
ta fito mana da hukunci ba kunya:
kuɗin haya yana rayuwa a ruwan sanyi,
yana da ƙaya, yana saka ƙwai.

Muka yi dariya har maƙwabci ya buga bango.
Eloísa ce ta fara dainawa.

Ba ƙarya ta yi ba, in ji ta.
Mu ne ba mu gaya mata bakin wa ya faɗa ba.

Yanzu jadawalin yana manne a jikin firij ɗina.
Makon farko zuwa na uku: zana salsalar kifaye,
wa ya haifi wa, wa ke ƙarƙashin wa.
Na huɗu: komawa wurin Doña Fresia da burodi,
a bar littafi a gida.
Daga nan tambayoyi, gwaji, gyara, faɗa,
Baltasar zai ɓace mako guda, mun riga mun sa a lissafi.

Akwai gida ɗaya da ban cike ba.
Na rubuta da fensir: dutse na huɗu.
Ban san ko Malama za ta ba shi maki ba.
Na dai san akwai wani mutum da ruwa ya riƙe,
kuma sunan da ya raɗa wa kifinsa
yana neman wurin zama a tsakanin layukanmu.