Uwar Adashi

Gabas da Sandamu, bayan rafin da ya ƙafe,
akwai wata mata, ba ta da ƙofa, ba ta da danga.
Kowa na taka ta, ba ta taɓa cewa wayyo ba.
Kakana Jatau ya ce, ita ce uwar adashinmu:
ka zuba mata tiya guda ta gero,
ta ƙulle a bakin zane, ta yi gum,
ba takarda, ba shaida sai Allah.
Kaka na yi, ta kwance maka dami arba'in.

Na san ta da bazara, kwalliya ta ƙare,
diddige duk faso, kai ba kallabi,
tana zaune gindin gawo tana duban gabas
kamar mai jiran motar Mai'aduwa.
Daren ruwan farko kuwa, wa ya gan ta!
Ta yi wanka, ta turara jiki
da ƙamshin da ba a sayarwa a kasuwar Daura,
kwana uku ta fito da koren zane,
yaɗiya a wuya, furen kabewa a kunne,
kwaɗi na rangaɗa mata guɗa.

Shekarar da Jatau ya kwanta dama
muka ja igiya, muka raba ta bakwai.
Na sayar wa mai gawayi gawon.
Tifa ta zo ta kwashi yashin haƙarƙarinta,
na ƙirga kuɗin a kan cinyarta.
Ba ta zage ni ba.

Bana na zuba tiya biyu, har da takin kanti,
ta miƙo mini dami shida, rabi ƙaiƙayi.
Da almuru na je mata da ƙorafi.
Ta ce, jikan Jatau, adashi zubi ne.
Ina tokar murhu? Ina kashin awaki?
Ina inuwar da nake miƙe ƙafa?
Ka ɗauka, ka ɗauka, ka sake ɗauka,
yau ka zo kana lissafa mini?

Na rasa ta cewa. Na tsuguna,
na tona rami da yatsu, na saka ƙwallon gawo.
Ta ce, rufe, ba gaggawa nake ba.
Kakanka ma yana wurina,
ajiyar Mai Sama ce, ba ta ɓata.
Tashi, an kira magariba.